Godiya ga shagon da ya ƙi sayar mini da hular kwano

Assalamu alaikum.

Wannan takarda ta Alhaji ce, mai shagon kayan babur a Sabon Garin Zariya, shi da yaran shagonsa, musamman matashin da ke zama a bayan kanta. Na so in sa sunan shagon, Alhaji ya ce in bari, wanda Allah ya nufa da zuwa zai zo. To na bari. Amma yaba kyauta tukuici, kuma ni ba ni da abin da zan ba su sai baki.

Autana ne ya samu aiki a Samaru, mu kuwa a Tudun Wada muke. Kuɗin mota kullum ya fi ƙarfin albashin, sai yayyensa suka haɗa kuɗi suka saya masa Boksa ta hannu. Kowa na murna, ni gabana na faɗuwa, domin na san hanyar. Wanda duk ya taɓa tsayawa a Kwangila da sassafe ya ga yadda tireloli da tankokin mai ke goga kafaɗa da masu babur ya san abin da nake nufi. Yaro kuma bai daɗe da koyon tuƙi ba. Na karɓe makullin na jefa a adaka, na ce ba mai hawa sai an samo hular kwano ta kirki, kuma ni da kaina zan nemo.

Ashe wahala na ɗebo wa kaina.

Wanda ya sayar musu da babur ɗin ya haɗo da wata hula a matsayin gyara. Da na ɗaga ta sai na ji kamar robar wanka ta yara, na sa babban yatsa na danna gefenta ta lotsa. Na shiga kasuwa da ita a leda ina nunawa, ina cewa wadda ta fi wannan nake so. Wani ko kansa bai ɗago daga waya ba, ya yi mini nuni da baki zuwa wasu da ke rataye sun sha ƙura. Wani ya miƙo mini ruwan ɗorawar nan ta masu aikin gini, ya rantse ita 'yan acaɓa suka fi saye. Wani ya fito da ta gwanjo duk ƙarzuwa a gefe, ya ce ta Turai ce, ko mota ta bi ta kanta ba abin da zai same ta. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne wanda na tambaya ko hular tana da wata shaidar inganci, sai ya jawo aljihun tebur ya fito da nannaɗen sitika mai haruffa uku, ya ce, "Hajiya, wacce kike so in manna miki?" Ko kunya babu. Da na ce a'a, ya yi dariya ya ce, "Ai duk ɗaya ne, ba don 'yan Rod Sefti ba wa zai saya?"

Maganar nan tasa ta tsaya mini a rai, domin gaskiyar yadda muka ɗauki abin ke nan. Ban manta farkon shekarar 2009 ba, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano daga 1 ga Janairu. A Kano har ƙwarya aka riƙa kifawa a ka ana ɗaurewa da igiya, wasu bokitin fenti, labarin ya zaga duniya ana mana dariya. Fasinjoji kuma suka ce ba za su sa ba, wai ana asiri da ita, mutum ya sa ya bi ɗan acaɓa duk inda ya ce, wasu suka ce ƙwarƙwata da makero. Ƙwaryar ta tafi, amma tunanin yana nan: a kifa wani abu a ka don a wuce jami'i.

Mai facin unguwarmu ne ya kwatanta mini shagon Alhaji. Na je ni kaɗai, a gajiye, da niyyar in sayi mafi tsada in huta. Na hango wata baƙa mai sheƙi da baƙin gilashi a can sama, na ce a sauko da ita. Matashin nan ya gaishe ni har ƙasa, ya jawo mini benci, ya sauko da ita, sannan ya ce, "Mama, wa zai sa?" Na ce ɗana. Ya ce, "Yana ina?" Na ce yana gida. Sai ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, yau ba zan sayar miki ba. Ki zo da mai kan."

Raina ya ɓaci. Ga kuɗi a hannu, ga rana, a ce in koma? Na ce masa yaron tsayinku ɗaya, gwada a kanka mana. Ya ce tsayi daban kai daban, in ta yi masa yawa ranar da ake buƙatarta ita za ta fara barinsa a titi. Alhaji yana daga ciki yana jinmu, bai tsawata masa ba, cewa kawai ya yi, "Hajiya, gaskiya ya faɗa miki." A zamanin nan, ɗan kasuwa ya ga ciniki ya mayar da shi gida! Ina cikin a-daidaita-sahu ina juya abin, kafin in iso gida fushin ya koma mamaki.

Da muka dawo tare da yaron, abin da ya fara ɗaukowa tef ne irin na tela. Ya ce ya cire hular da ke kansa, ya zagaya tef ɗin ta goshi, kamar yatsa biyu sama da gira, ta saman kunnuwa zuwa inda ƙeya ta fi tudu. Santimita 57. Ya ce wannan M ke nan, mai ɗaukar 57 zuwa 58, ta sama da ita L 59 zuwa 60. Har tambayarsa ya yi ko haka yake barin sumarsa kullum ko yakan yi ƙwal-kwabo, kuma ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya ɗora hular kwano a kan zanna-bukar yadda ake yi ranar Juma'a.

Yaron ya sa ta farko, kumatunsa suka tattaro, ya ce ta matse shi, a ba shi babba. Matashin ya ce, "Ɗan'uwa, sabuwa dole ta kama kumatu, soson zai kwanta da kansa. Wadda ta yi maka daɗi yau, nan da wata biyu rawa za ta riƙa yi." Ya riƙe hular da hannu biyu ya juya ta hagu da dama, ya nuna mini yadda fatar goshi da kumatu ke bin ta. Ya ce in hular ta juya fuska ta tsaya, ta yi yawa. Ya ɗaure maɗaurin haɓa ta cikin zobban ƙarfe biyu, ya zura yatsa, ya ce in ya wuce yatsa biyu ya yi sako-sako. Sannan ya sa shi ya sunkuyar da kai, ya kama hular ta ƙeya ya ja ta gaba da ƙarfi kamar zai tuɓe ta. Ba ta fita ba. Na ce to shi ke nan, a ƙunshe mana. Ya ce a'a, ya zauna da ita tukuna kamar minti goma sha biyar.

Da aka cire, ga jan tabo a tsakiyar goshi. Ya ce wannan ba ta dace da ƙirar kansa ba, kansa dogo ne daga goshi zuwa ƙeya, ita kuwa cikinta zagayayye ne, in ya yi tafiya da ita ciwon kai zai sa ya fara rataye ta a hannun babur. Ya kawo wata M ɗin ta wani kamfani, aka sake komai daga farko. Duk wannan ana ta shigowa sayen fulogi da sarƙa da birki, yana sallamarsu yana dawowa, bai taɓa nuna mana mun dame shi ba.

A zaman jiran nan ne ya nuna mini abin da ya sa na ce sai na rubuta takardar nan. A ƙarƙashin kanta suna da huluna biyu da aka raba tsakiya da zarto. Ɗaya ɓawon roba ne da ɗan siririn yadi da katifar da ba ta kai kaurin biskit ba. Ɗayar kuwa a ƙarƙashin ɓawon akwai farin soso mai tauri, dangin wanda ake sa wa talabijin a kwali, kaurinsa ya kusa inci guda. Ya ce, "Mama, wannan farin shi ne hular. Ɓawon yana baza bugun ne ya hana abu ya huda, shi kuwa wannan murƙushewa yake yi a hankali don kada ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai gaba ɗaya." Ya sa na danna wani wuri da ya riga ya lotsa, ya ce duba, ba ya dawowa. Sau ɗaya yake aiki. Shi ya sa hular da aka taɓa faɗuwa da ita ta gama, ko da waje lafiya lau, kuma shi ya sa ba sa ajiye ta gwanjo, domin ba wanda ya san kan da ta riga ta ceta. Ya ɓalli ɗan guntu ya ɗiga masa fetur, ina kallo ya narke. Ya juya wajen yaron ya ce kada ya riƙa kifa ta a kan tanki, kada ya soka ta a madubi, kuma ko ba a faɗi ba bayan kamar shekara 5 a sake.

Na ba shi labarin mai sitika. Bai zagi kowa ba. Ya ce haruffan nan uku, DOT, na Amurka ne, kuma a can ma kamfani ne ke ba kansa shaida, daga baya hukuma ta ɗebi wasu a kasuwa ta gwada, don haka sitikar kaɗai ba hujja ba ce. Ya juya maɗaurin haɓar tamu ya nuna mini wani ƙyalle da aka ɗinke a jiki, da harafin E da lamba cikin da'ira, lambar ƙasar da ta gwada ta amince. Doguwar lambar da ke ƙasa in ta fara da 05 tsohon ma'auni ne, 06 sabo, harafin P kuma yana nufin an gwada kariyar haɓa. Na Indiya kuma tambarin ISI suke ɗauka. Ya ƙara da cewa har wannan ɗin ana iya yin jabunsa, saboda haka in haɗa da nauyi, ta kirki mai rufe fuska takan doshi kilo ɗaya da rabi, in leƙa kaurin soso, in duba ko da ƙusoshin ƙarfe aka kafe maɗaurin.

Sun ɗan yi ja-in-ja da yaron a kan mai rufe haɓa. Shi buɗaɗɗiya yake so saboda zafin bazara. Matashin ya ce mai faɗuwa daga babur sau da yawa da fuska yake sauka, haƙori da muƙamuƙi kuwa ba a sayar da su a Sabon Gari. Ya nuna masa kafofin iska na goshi da na haɓa yadda ake buɗe su. Baƙin gilashin da ya burge ni ma ya hana, tunda yaron bayan magariba yake tashi aiki. Aka tsaya a kan fara mai farin gilashi, wai direban babbar mota ya fi saurin hango ta. Ya ce lokacin hunturu kada ya goge ƙura a bushe, ya fara zuba ruwa, in ba haka ba gilashin zai dushe fitilar mota ta riƙa kashe masa ido.

Kuɗinta bai kai na baƙar da na nuna da farko ba. Alhaji ya rubuta rasit, ya ce in ta dame shi cikin mako a dawo da ita muddin ba ta ƙarzu ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, me ya sa sai an sha wannan yawo kafin a samu wuri ɗaya irin wannan? 'Yata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta gaya mini alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a shekarun baya, cewa hular kwano ta gaske da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Ta gaske aka ce. To waɗannan robobin da suka cika kasuwanninmu ta ina suke shigowa? Ba daga sama suke faɗowa ba, ta tashar jiragen ruwa da kan iyaka suke bi, kuma muna da hukumar SON da aka kafa don ingancin kaya. Dillalan babur su sayar maka da mashin na maƙudan kuɗi su haɗa ka da abin wasan yara. A kan titi kuma abin da ake dubawa kawai akwai wani abu a ka ko babu, ba mai tambayar ko an ɗaure. Ku tsaya a PZ ku ƙirga masu hular da maɗaurinta ke lilo a iska, da waɗanda suka rataye ta a gwiwar hannu. Ban ma zo kan magidancin da ya ɗauko yara uku zuwa makaranta shi kaɗai ke da hula ba, ko mu mata da ake goyawa daga mu sai mayafi. Kuma duk wanda ya taɓa jinya a asibitin Shika ya ga irin samarin da ake shigowa da su.

Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya kare ta daga gobara da asara. Yaron nan naka ka riƙe shi da kyau, in da hali ka ƙara masa wani abu, ban ga irinsa ba a duk inda na shiga. Allah ya yi wa iyayensa albarka.

Roƙona ɗaya ne. Na tambayi ta ƙananan yara saboda jikokina, aka ce babu, ba a saye. In za ku sake yin oda ku sako ko 'yan kaɗan ne. Biyu nawa ne, kuma zan zo da masu kan.

Wassalam.

Wata uwa daga Tudun Wada, Zariya