Amsa-kuwwa a Masallatanmu Ba Laifin Lasifika Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A Juma'ar da ta wuce ina sahu na biyar, amma ban tsinci rabin huɗubar liman ba, domin amsa-kuwwa ta cika masallacin duk da sababbin lasifikun da aka rataya.

A 1895 Wallace Sabine, masanin kimiyya na Jami'ar Harvard da ke Amurka, ya fara jigilar matasan kujeru cikin dare zuwa wani zauren karatu mai amsa-kuwwa don gwaji, har ya tabbatar cewa girman ɗaki da abin da ke cikinsa ne ke sa sauti ya daɗe yana yawo. Tayil da siminti suna maido da murya, darduma mai kauri da labule kuwa suna shanye ta.

Ina roƙon kwamitocin masallatai su tuntuɓi injiniyan sauti tun kafin a ɗora rufi.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya