Halin Ingilishi da Aka Rubuta Ƙarƙashin Ruwan Bama-bamai

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta maƙalar da kuka buga makon jiya kan juriyar mutanen Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma na ji daɗinta, sai dai marubucin ya ɗauki hoton da marubutan wancan zamani suka zana wa Baturen Ingila tamkar shaidar ɗan kallo, alhali kuwa rubutu ne da aka yi shi ana tsakiyar yaƙi, don a ɗaure wa jama'a gindi kada su karaya.

A watan Yunin 1940, bayan an kwaso sojojin Ingila daga Dunkirk da ke gabar tekun Faransa, marubuci J. B. Priestley ya fara gajerun jawabansa a rediyon BBC, inda ya juya abin da a zahiri gudun ceton rai ne ya zama labarin ƙananan jiragen ruwan yawon shaƙatawa da suka je ɗauko 'yan uwansu. Daga 7 ga Satumba na wannan shekara jiragen Jamus suka shiga yi wa Landan ruwan bama-bamai, kuma a cikin wannan hali marubuci George Orwell ya rubuta littafinsa The Lion and the Unicorn, wanda ya fito a Fabrairun 1941. Mutanen da ya kwatanta masu sanyin hali ne, masu son furanni da kiwon tattabaru da tara kan sarki, 'yan sandansu ba sa rataya bindiga, sun tsani fareti da taƙamar soja.

Abin da maƙalarku ta tsallake shi ne, Orwell bai tsaya kan yabo ba. Ya kira Ingila gida guda wanda waɗanda ba su cancanta ba ke riƙe da ragamarsa, ya ce ƙasa ce da bambancin aji ya yi wa katutu, sannan ya fito fili ya zargi mutanensa da fuska biyu game da daularsu, domin suna ƙyamar soja a gida suna kuma mulkin kusan rubu'in duniya. Ya san abin da yake faɗa, tunda shekara biyar ya yi yana aikin ɗan sanda a ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), daga 1922 zuwa 1927. A littafin nan dai ya nemi a ba Indiya 'yancin mulkin kanta nan take.

A wannan Bamar ce kakanninmu suka yi yaƙi cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma duk wanda ya taɓa zama da tsohon soja ɗan Bama ya san cewa Baturen da ya ba shi oda a daji ba lallai ne ya yi kama da mai ban ruwan furanni na cikin littafi ba. Ban ce sanyin halin ƙarya ne ba, amma a gida aka fi ganinsa.

Ina roƙon ku, idan za ku sake waiwayar batun, ku haɗa da Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a lokacin, wanda ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya ga mutanen da idonsa yaƙi bai ƙare ba, ya dawo ya rubuta mana da Hausa.

Naku mai karatu,
daga Zariya