A raya kututturen gona kafin a sayo dashe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan dashen itatuwa, tunda damina ta kankama, an kuma fara rabon dashe ana ɗaukar hoto.

Yawancin wannan dashe ba ya ganin damina ta biyu. Ana kawo shi a makare, sai ƙarshen Agusta, kafin saiwa ta kama ƙasa ruwa ya ɗauke. Wani ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe, wani ma da ledar ake binne shi. Wanda ya tsira daga gara, akuya na jiransa da kaka in an saki dabbobi.

Alhali gonakinmu na Katsina, Jigawa da Sakkwato cike suke da kututturen kalgo, sabara, magarya, aduwa da gawo masu rai, waɗanda saiwarsu ta riga ta nitse ƙasa. Duk shekara suna tofo, mu kuma mu sare tofon lokacin sharar gona mu banka masa wuta. Manoman Maraɗi sun fara barin wannan ɗabi'a tun wajen 1984, suka koma abin da suke kira sassabin zamani, wato kula da tofon kututture har ya zama itace. Yau ana ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ba ban ruwa, ba leda.

Aikin ba wuya. Manomi ya je gindin kututture ya zaɓi tsiro 3 zuwa 5 mafi kauri da miƙewa, ya cire sauran. Kada ya bar ɗaya tak, domin in iska ta karya shi ko saniya ta taka, an koma farko. A sa wuƙa ko adda mai kaifi, a yi saran daga ƙasa zuwa sama. In aka sara daga sama, ɓawo kan yage ya biyo reshen, nan ƙwari da ruɓa ke shiga. Rassan gefe a cire na rabin ƙasa kawai. Masu zumuɗi kan aske tsiron tas su bar ɗan tukku a sama, sai ya yi tsawo ba ƙwari, ya lanƙwashe. A ɗaura tsumma ja don mai neman itacen girki ya san da mai shi, a riƙa komawa bayan 'yan watanni ana cire sabon tofo. Daga baya a rage ɗaya-ɗaya ana girki da su, a bar mafi kyau ya zama itace.

Masu tsoron inuwa su fara da gawo: da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana da taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da tumaki.

Babban cikas shi ne mallaka. Manomin da ya san malamin daji zai ci shi tara in ya sare reshen itacen da ya raina da hannunsa, ba zai bar ko ɗaya ya girma ba. Nijar ta fitar da doka a 2020 da ta tabbatar wa manomi itacen da ya raya a gonarsa. Ina kira ga majalisun jihohinmu su yi irinta, a kuma ware wani kaso na kuɗin sayen dashe a koyar da sassaben ta hannun malaman gona da masu unguwanni kafin sharar gona ta baɗi.

Naka,
Wani malamin daji mai ritaya, Katsina