Wasiƙa zuwa ga ɗana a Lafbara, Ingila

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan duk lafiya lau, sai kewarka, musamman mahaifiyarka, wadda har yanzu take tuƙa tuwon mutum shida ta manta mun koma biyar.

Ranar Lahadi na tambaye ka ko ka leƙa kasuwa, ka ce ai babu buƙata, komai ta waya kake saye a kawo maka har ƙofar ɗaki. Na yi shiru don kada in katse maka hira da ƙannenka, amma maganar ta tsaya mini a rai. Wata biyu kana garin mutane, daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗaki. To wane gari za ka ce ka zauna idan ka dawo?

Ni ma da haka na fara. Da aka tura ni kwas ɗin aikin ruwa a jami'ar nan taku a 1986, ko sunan garin ban iya faɗa ba. A tashar jirgin ƙasa ta Landan na karanta shi yadda aka rubuta, Loughborough, harafi bayan harafi, mai sayar da tikiti ya yi ta kallona kamar na yi masa Fulatanci. Sai da na nuna masa takarda ya ce, au, Lafbara. Kunyar ranar ta sa na yi sati uku ban fita harabar makaranta ba. Ranar da na fita kuwa na yi wata katoɓarar: na tsaya gaban rumfar wata tsohuwa mai kayan miya na taya kabeji. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a nan ba a tayi, amma in dawo dab da tashin kasuwa, lokacin su da kansu suke karya farashi. Ta kira ni da kalmar da ke nufin agwagwa a Turancinsu. Na tafi ina huci, sai daga baya na gane haka mutanen yankin suke kiran kowa, babba da yaro, kamar mu ce ɗan'uwa. Idan an kira ka agwagwa ka amsa da fara'a. Har na bar garin a wurinta nake sayen albasa, kuma ita ta koya mini yawancin abin da zan faɗa maka.

Jami'ar da kake alfahari da ita jaririya ce a gaban kasuwar. A 1909 aka kafa ta a matsayin makarantar koyon sana'a, sai 1966 ta zama jami'a. Kasuwa kuwa tun 1221 take da takardar izini daga Sarki Henry na Uku, lokacin shi kansa yaro ne. A zamanin can ba a buɗe kasuwa sai da yardar sarki, domin wanda aka ba takardar shi ke karɓar kuɗin rumfa, kuma garin da ya same ta shi ne ƙauyukan kewaye suke kawo wa ulu da hatsi da dabbobi. Ba baƙon abu ba ne a wurinka, ka san yadda Wudil take cika ranar Juma'a. Tasu Alhamis da Asabar take ci, a filin da ke gaban zauren gari. Shekara 800 da ɗoriya ana kafa rumfa a kwance ta a wuri guda, kai kuma kana tafiyar minti ashirin daga wurin kana danna waya.

A watan Nuwamba za ka ga an rufe titunan tsakiyar gari na kwana huɗu, an cika su da lilo da fitilu da masu soye-soye. Wannan bikin ma tsufansa ɗaya da kasuwar. Ka je ka sha kallo, ka kula da aljihunka, ka tambayi abin da aka sa a abinci kafin ka kai baki.

An ce mini bayan tahowata, a 1998, sun kafa gunkin wani mutum a kasuwar, zaune tsirara sai ganye da safa a ƙafa ɗaya, yana kallon safar tasa. Turawa ke nan. Amma akwai dalili: saƙar safa ce ta ciyar da garin shekaru aru-aru. Da leshi kuma, irin wanda mahaifiyarka take ƙarar mini da fansho a kansa. Wani John Heathcoat ya ƙera injin saƙa shi, ya kafa masana'anta a nan. A wani dare na watan Yunin 1816 masaƙa masu fushi da injuna da kuma rage musu lada suka faɗa ciki suka farfasa injuna 55. An kama wasu an rataye su a birnin Lesta da ke kusa. Shi kuwa ya kwashe sana'arsa ya koma Tiverton, can kudu maso yamma, ma'aikata da yawa suka bi shi a ƙafa da iyalansu. Na daɗe ina juya labarin nan. Waɗanda suka fasa injunan yunwa ce ta kore su, ban iya zaginsu ba, amma aikin da suke karewa shi ne ya bar garin gaba ɗaya. Kai da kake karantar kwamfutar da ake cewa za ta karɓe aikin mutane, ka san a garin da aka taɓa wannan rigima kake kwana.

Daga kasuwa ka gangara lambun Queen's Park. Akwai hasumiya a ciki mai ƙararrawa 47, an gama ta a 1923 don tunawa da 'ya'yan garin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ana kaɗa ƙararrawan da hannu da ƙafa su ba da kiɗa. Ka tsaya ka karanta sunayen. Ni da na karanta, namu na tuna, waɗanda aka kai Kamaru da Gabashin Afirka a yaƙin nan ɗaya. A garin aka zuba ƙararrawan, a maƙerar John Taylor, wadda ta zuba babbar ƙararrawar majami'ar St Paul ta Landan a 1881, mai nauyin kusan tan 17. Suna barin baƙi su shiga. Jikan maƙera kake ta wajen uwa, ka je ka ga yadda ake narka tagulla a zuba a ƙwarya, ka ba kawunka labari.

Sauran ka nemo da kanka. Tsohon layin dogo na Great Central har yanzu yana gudu da jirgi mai cin kwal. Garin nan ne kuma Thomas Cook ya kawo mutum wajen 500 daga Lesta a Yulin 1841, kowa sule ɗaya zuwa da dawowa, don taron masu yaƙi da shan giya, kuma daga wannan tafiyar kamfaninsa na yawon buɗe ido ya samo asali. Idan rana ta fito ka tafi Bradgate Park ka ga bareyi da kufan gidan su Lady Jane Grey, wadda ta yi sarautar kwana tara a 1553.

Sanyi na tafe. A Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu, don haka ka tsara karatunka da su tun yanzu. Akwai 'yan'uwa 'yan asalin Bangaladash da suka daɗe a garin, ka bi su jam'i, su za su nuna maka mahaucin da za ka amince da shi. Ka gaida maƙwabtanka ko ba su fara gaishe ka ba. Zancen ruwan sama shi ne "ina gajiya" a wurinsu, kada ka gaji da shi. Layi kuma ko mutum biyu ne ka tsaya a baya.

Asabar mai zuwa ka tashi da wuri ka ɗauki jaka. Ka sayi albasa a hannun mutum, ka tambaye shi shekara nawa yana kafa rumfa a wurin. Sannan ka ɗauko mini hoton mai safar nan, ta gefen safar kawai, don mahaifiyarka ma za ta gani. Ta ce in tambaye ka ko kuka da daddawar sun ƙare.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana kai.

Mahaifinka.