Baƙonku ya tsallake zancen Mayot

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan shirinku na tarihi na makon jiya, inda baƙonku ya ce Faransa ta naɗe tabarmarta daga Afirka tun da Jibuti ta samu 'yancin kai a 1977. Malamin ya yi ƙoƙari, amma ya tsallake Mayot, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Mayot ɗaya ce daga tsibiran Komoros huɗu da ke tsakanin Mozambik da Madagaska, mutanenta kuma kusan duk Musulmi ne. A watan Disambar 1974 aka yi ƙuri'ar raba gardama a tsibiran kan neman 'yanci daga Faransa. In aka haɗa tsibiran huɗu, kusan kashi 95 cikin ɗari 'yanci suka zaɓa, amma a Mayot kusan kashi 63 suka ce a bar su da Faransa. Sai daga baya Faransa ta ce ai tsibiri-tsibiri za a ƙirga. Shugaban gwamnatin tsibiran na lokacin, Ahmed Abdallah, ya ayyana 'yancin Komoros ranar 6 ga Yulin 1975, Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi ƙasar da tsibiranta huɗu, Faransa kuwa ta riƙe ɗaya. A 2011 Mayot ta zama gundumar Faransa ta 101, da yuro ake cefane a kasuwanninta.

Ban ga laifin mutanen Mayot ba, domin an sake tambayarsu a 1976 da 2009, ba su sauya magana ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bizar da aka ƙaƙaba wa sauran 'yan Komoros a 1995. Da can mutumin Anjuwan, ɗaya daga tsibiran Komoros, kwale-kwale kawai zai hau ya je biki ko ta'aziyya wurin danginsa a Mayot. Yanzu wannan tafiyar ta kilomita 70 sai da dare ake yin ta, a cikin ƙananan jiragen da suke kira kwasa-kwasa, an cushe mata da jarirai, kuma teku ta ci mutane ba adadi.

Ni mutumin Maraɗi ne, na ɗanɗani irin wannan. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023 gwaggona ta rasu a Jibiya, sai a waya na yi wa 'ya'yanta gaisuwa, ina jin kukan mata daga cikin gidan. Tamu rufewar watanni ta yi, tasu ta kai shekara talatin.

Da guguwar Chido ta afka wa Mayot a Disambar 2024, ɗakunan kwanon da marasa takardu ke kwana ciki su ne suka fi rugujewa.

Don Allah, Edita, ku ware wa Mayot shiri guda, ku kira mutum daga Mamuzu, babban birnin Mayot, da wani daga Moroni, babban birnin Komoros, mu ji daga bakinsu.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Maraɗi