Ƙwaƙwalwarki ba ta da laifi

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya karatu? Tun ranar da muka yi waya maganarki take yi mini yawo a rai. Kin ce darasin ƙididdiga ya gagare ki, wai ke da ido kike koyo, malamin kuwa baki kawai yake zubawa, don haka kanki ba na wannan fanni ba ne. Ban katse ki ba saboda na ji muryarki tana rawa.

Gaskiya ne basira ba iri ɗaya ba ce. A 1983 Howard Gardner na Jami'ar Harvard ya kasa ta gida bakwai: ta harshe, ta lissafi, ta kiɗa, ta sarrafa jiki, ta hango siffa da wuri, ta fahimtar mutane, da ta sanin kai. Daga baya ya ƙara ta lura da halittu. Ina ganin girman wannan magana, domin ta share hawayen yara da yawa da jarrabawa ta mayar daƙiƙai. Sai dai shi da bakinsa ya ce kada a haɗa ra'ayinsa da zancen salon koyo, wato a ce wannan na ido ne, wancan na kunne. A 2008 masana huɗu, ciki har da Harold Pashler, sun tattaro binciken da aka yi a kan haka, ba su sami gamsasshiyar hujja ba cewa koyar da ɗalibi ta salon da ya fi so yana ƙara masa fahimta. Darasin ne ke zaɓen hanyarsa. Taswira sai an gani, lafazi sai an ji, ƙididdiga kuwa sai hannu ya gaji da warware tambayoyi.

Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, kuma bitar da aka rarraba kwana-kwana ta fi ta zama ɗaya. To ki rufe littafi, ki rubuta abin da kika riƙe, ki buɗe ki ga inda kika zame. Da zafi, na sani, musamman ranar da takardar ta fito fayau.

Akwai kuma dalilin da ya sa malamin ba zai bi ki yadda kike so ba. Kowace kujera a jami'a wani ke biyan kuɗinta. Jamus ta gama soke kuɗin karatu a jami'o'in gwamnati a 2014, haraji ya ɗauki nauyin. Ingila a 2012 ta ɗaga nata zuwa fam 9,000 a shekara, bashin da ɗalibai ke ci ya ƙaru. Inda kuɗin ya gaza kuwa, aji ke kumbura, mutum ɗaya ya tsaya gaban ɗaruruwa. Ba gori nake miki ba, wallahi abin da nake kashewa a kanki bai taɓa yi mini nauyi a zuciya ba. So nake ki daina jiran a ɗinka miki darasi daidai wuyanki.

Kada ki ajiye kwas ɗin yanzu. Ki ba shi mako uku, tambaya biyar kullum, wadda ta ƙi ki kai wa malamin ofis. Bayan nan ki kira ni mu sake magana, ko me kika yanke zan saurare ki.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki