Sanarwa ga iyaye kan motocin kai yara makaranta

Assalamu alaikum iyaye, barkanmu da war haka.

Jiya da safe a Ƙofar Ƙaura na ga Keke Napep da yara tara a ciki, biyu a gefen direba, wata ƴar mitsitsiya kuwa ƙafarta na reto a waje, jakarta a wuya. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a fili take: motar makaranta fentin ruwan ɗorawa ake yi mata, da rubutu a jiki don a gane ta daga nesa, kuma yaron da bai kai shekara 12 ba ba ya zama gaba. Direba ya mallaki lasisi, mota ta sami takardar shaidar lafiyarta. Lodin wuce kima kuwa laifi ne, ko ƴan KASSAROTA, wato hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Katsina, suka tare direba ba ruwanmu da roƙo.

Na san kuɗin mai ya sa kowa na neman sauƙi, ni ma haka. Duk da haka don Allah kowa ya leƙa motar da ke ɗaukar ɗansa gobe, ya ƙirga yaran, ya nemi ganin takardun. Abin da kuka gani ku turo nan kafin taron Asabar.